Ranar Da Mu'ayyad Ya Shiga Ramin Baba

Sallama gare ku 'yan uwa, kowa ya gyara zama. Yau da dariya na zo muku, duk da sai da na ci kuka a tsakani har kwallina ya zubo. Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, sunana Hiyam, shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani kantin magani a nan Amman, gidanmu kuma yana unguwar Marka. Ina son wani bawan Allah mai suna Mu'ayyad. To na faɗa, mai dariya ya yi.

Mahaifiyarsa da yayyensa mata sun riga sun zo gidanmu, sun sha gahawa, sun ƙare mini kallo tun daga mayafi har farcen ƙafa, Mama ta yaba da su. Bayan nan mahaifinsa ya kira Baba a waya, yana roƙon a sa musu ranar da manyansu za su zo neman aure. Baba ya ce, "Zan neme ka, Abu Mu'ayyad." Shi ke nan fa. Kwana goma sha tara ba kira ba dalili. Ni ce mai ƙirgawa, don haka kar wanda ya yi mini musu.

Sai kun san Baba za ku gane tsorona. Duk garin Zarƙa, nan kusa da mu, an san shi da Abu Basil mai duba mota. Ba gyara yake yi ba, dubawa kawai. In za ka sayi mota ta hannu, kai da mai sayarwa ku kawo ta garejinsa, a ɗora ta kan rami, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya fito ya faɗi gaskiyarta, yayana Basil ya rubuta a takarda. Shasin mota, wato ƙashinta, kusurwa huɗu gare shi, duk kusurwar da take lafiya lau sai a rubuta mata jayyid, wato mai kyau. Jayyid huɗu da sa hannun Abu Basil, mutum ya biya kuɗinsa ido rufe ya tafi gida. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo masa da takarda an ce ya yi kuskure ba.

Matsalar ita ce, haka yake duba masu neman aurena. Bara wani likita ya zo da mota sai sheƙi take yi. Baba ya raka shi waje, ya ce, "An taɓa buge ta?" Likita ya ce ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Baba ya shafa ƙofar baya da tafin hannu, ya yi masa sallama, ya dawo ya zauna.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "an sake wa ƙofar nan fenti. Ko dai ya sani ya yi mini ƙarya, ko kuma shekara biyu yana yawo da ita bai lura ba. Wanne kike so a ciki?"

Ni dama ba son likitan nake ba, amma Gwaggo Intisar, yayar Baba, sai da ta yi sati tana jimami kamar an yi rasuwa.

Shi Mu'ayyad shekara shida ya yi a Ƙatar. Aikinsa duba walda a manyan gine-ginen ƙarfe, ya hau sama ya ce wannan ta yi, wannan a sake. Ya dawo gida da ɗan abin da ya tara, yana aron motar ƙanwarsa, wadda in za ta hau tudun Amman sai an kashe na'urar sanyi an haɗa da addu'a. Sai ya ce zai sayi babbar mota kafin ranar neman aure. Kuskurensa, ya tambaye ni wacce nake so. Ni kuma kuskurena, na buɗe baki na faɗa ranar Juma'a a kan farantin mansaf, shinkafarmu ta naman rago, Gwaggo na zaune.

Ai kuwa ta ajiye cokali. "Ranji! Har wani tunani ake yi? Ranar da aka zo neman auren Lujain 'yar Ummu Fadi, Ranji ce a gaba, baƙa wuluk, sai da duk layin suka leƙo ta baranda. Motar da ba ta sa maƙwabta leƙowa ba, ina amfaninta?"

"Haba Gwaggo," in ji Yaya Basil da shinkafa a baki. "Mai Ranji ba abin da yake so sai ya zauna can sama yana kallon sanƙon mutane. In namiji ne mai jini a jika, Bi'em. Ki taka ta ki ji tana amsa miki kamar ta san sunanki."

"Rufe mana baki," Mama ta ce. "Bi'em ɗin da yaran layin nan suke hana mu sakat da ita? Duk wanda na gani a cikinta gashinsa ya sha mai, hannu ɗaya a waje, sai ka ce shi ya shimfiɗa titin. Ni dai Marsandi. Mutum in ya fito daga Marsandi, ko bai yi magana ba an san ɗan gidan mutunci ne."

"Mama, Marsandi ai sai mai tumbi da carbi."

"To uban wa ya ce tumbi laifi ne? Ubanka ba shi da shi?"

Baba ya kalli tumbinsa, ya ci gaba da dunƙula shinkafa.

Na ce a hankali, "Mahaifiyarsa kuma Lekzas take so."

"Na sani ai," Gwaggo ta taɓe baki. "Duk wanda ya sha ruwan Ƙatar haka yake. Wai ba ta lalacewa. To shi aure da lissafin bakanike ake yin sa? Ke Hiyam, ki nutsu. Yadda ya zo ranar farko, haka danginsa za su ɗauke ki har ki tsufa. Abu Basil, kai ba za ka ce komai ba? Sana'arka ce fa."

Duk muka zuba masa ido. Wannan ne karo na farko da aka ambaci Mu'ayyad a gabansa tun ranar kiran nan.

"Yaya, ke so kike mutane su gani," ya ce. "Basil so yake su ji ƙara. Ummu Basil kuma so take su je suna faɗa. Ni ba a kawo mini mota ba tukuna. Ƙaro mini miya, Uwata."

Ku ji fa! Ko sunan yaron bai kama ba.

Da la'asar na shige ɗaki na rufe ƙofa, na haye gado da waya.

"An yi yaƙin duniya a gidanmu saboda kai," na rubuta masa.

"Wa ya ci?"

"Miya."

Ya turo fuskokin dariya har layi biyu. "To ke wacce kike so? Ke nake tambaya, ba majalisar ɗinkin duniya ba."

"Ni motar da za ta sa Baba ya kira babanka nake so. Ka sayi Marsandi, ko ba komai Mama na bayanka. Amma tsaya, wai kai me ya sa sai babbar mota? Ka san ni ko a bas ka zo zan leƙo ta taga."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin ɗigo ukun nan suna rawa. Can sai ga saƙon murya.

"Hiyam, babana shekara talatin da biyar yana koyarwa, bai taɓa mallakar mota ba. Duk ɗaurin auren dangi a motar wani ake ɗaukar sa, a kujerar da ta rage. Tun ina yaro nake ganin yana tsaye a bakin titi da kwat ɗinsa a goge, yana jiran a tuna da shi. So nake ranar da za mu zo gidanku in buɗe masa ƙofar baya da hannuna, ya fito daga motar ɗansa, mutane su miƙe. Shi ke nan. Ba don maƙwabtanku ba."

'Yan uwa, sau huɗu na saurari saƙon nan. Ni da na shiga ɗaki da niyyar yi masa wa'azi kan almubazzaranci, sai ga ni ina goge hanci da gefen matashi. Wallahi a ranar na ƙara son sa.

Ranar Talata ina kanti, ina fama da wata tsohuwa da ta rantse maganin hawan jininta da ruwan hoda ne ba fari ba, sai wayata ta yi motsi. Hoto ne. Marsandi baƙa, doguwa, kujerunta na fata kalar gahawa da madara, shi kuma yana tsaye a gefe da farar riga yana murmushin nan nasa na gefen baki. Na ce masha Allah a fili, tsohuwa ta ɗauka da ita nake.

Sai saƙo na biyu ya shigo. "Mun daidaita da mai ita. Saura dubawa. Na ce a kai ta garejin Abu Basil."

Na bar tsohuwa tsaye na duƙufa kan waya.

"KAR KA SOMA!" na rubuta.

"Shi ya fi kowa a Zarƙa, kowa ya faɗa."

"Mu'ayyad, ubana ne! Bai kira ku ba tukuna! In ka je kamar ka yi masa cin fuska ne. In kuma motar ta fito da matsala zai ce ba ka da ido!"

"Bai san fuskata ba ai. Mai saye ne kawai ya zo. Kuma gumina na shekara shida ne, ba zan kai wa wanda ban yarda da shi ba. Mun kama hanya."

Ban san sanda na ce wa abokiyar aikina cikina na ciwo ba, ni da nake tsaye a tsakiyar magungunan ciwon ciki. Na figi 'yar motata sai gida. Na tarar Mama ta kife tukunyar maƙluba ke nan, shinkafar nan da ake dafawa da kaza a kife a faranti, tururi na tashi, ƙamshin soyayyen gauta ya cika kicin. Na ce zan kai wa Baba abinci gareji.

Mama ta juyo da ludayi a hannu. "Ke? Gareji? Ke da kike cewa warin baƙin mai na sa ki atishawa?"

"Tausayinsa ne ya kama ni."

"Allah Ya ƙara tausayi," ta ce, tana kallona ta wutsiyar ido.

Sau uku na canza kaya, ni da nake sauri. Baƙar abaya ta yi kama da zaman makoki, shuɗiyar kuma ta yi kama da wadda ta san wa za ta gani. Na tsaya a kan ruwan zaitun mai ɗan aiki a hannu, da mayafi ruwan madara, na ɗora kwalli siriri. Takalmi kuwa mai tsini na zura, zuwa gareji. Ku dai bar ni da haukata.

Ko da na isa Zarƙa an riga an ɗora motar a kan rami. A fili ta fi hoton kyau, baƙin nan har ɗaukar ido yake. Mai sayarwar, wani Abu Rakan, yana tsaye da carbi mai manyan 'ya'ya, turarensa ya danne warin mai, bakinsa kuwa zuma.

"Wata likita ce take hawanta," yake gaya wa ma'aikatan Baba. "Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida. Ko ruwan sama bai taɓa dukan ta sosai ba."

Yaya Basil yana bakin ofis da takarda da biro. Ya taɓa ganin hoton Mu'ayyad a wayata, don haka da ya gan ni da kwanon abinci sai girarsa ta haye har gashin kai.

"A'a! Yau ta ina rana ta fito?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Abinci aka kawo wa Baba, ko mai farar riga?"

"Yaya, don girman Allah."

"Bakina alekum. Amma cinyar kazar tawa ce."

Baba da Mu'ayyad suna cikin rami, don mai saye yana da damar sauka ya gani da idonsa. Hasken tocila kawai nake hangowa yana yawo a ƙarƙashin mota. Can suka hauro. Baba a gaba da rigar aikinsa ruwan toka, Mu'ayyad a baya. Ya gan ni, ya ɗauke kai kamar bai taɓa sanin an halicce ni ba. Baba ma ya gan ni, ya kalli kwanon.

Ya goge hannu da tsumma. "Basil, rubuta. Gaba dama, jayyid. Gaba hagu, jayyid. Baya dama, jayyid. Baya hagu…"

Abu Rakan ya riga ya fara murmushi. Ni ma na fara sakin numfashi.

"Baffa," Mu'ayyad ya katse shi.

Kowa a garejin ya juyo. Ba a katse Baba yana faɗar takarda, ko Basil bai isa ba.

"Ka yi haƙuri Baffa, ina jin wayata ta faɗi a ramin. Ko za ka taimaka ka riƙe mini tocila in duba?"

Innalillahi! Na ce a raina yau ta ƙare. Dattijo mai furfura, mai gareji sukutum, shi za ka aika riƙon tocila? Basil ya yi wuf ya ce, "Kawo in haska maka, ɗan uwa."

"A'a, na gode. Baffa ya fi sanin ramin."

Abu Rakan ya fashe da dariya. "Yaran Ƙatar ke nan! Abu Basil, yau ka zama ɗan riƙon fitila."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta motsa. Ya daɗe yana kallon Mu'ayyad, sannan ya ɗauki tocila ya juya ya fara sauka. Mu'ayyad ya bi shi. Kuma da ya juya baya, me zan gani? Wayar! Ga ta nan ƙuru-ƙuru a aljihun wandonsa na baya, har kanta ya leƙo.

Ƙarya ya yi. Ƙarya, ga mutumin da ya kori likita a kan fentin ƙofa. Nan take na gano abin da nake zaton shi ne dalili: so yake ya keɓe da Baba ya gabatar da kansa. A rami! Mutane na zuwa neman aure da shehunan dangi da motoci arba'in, nawa ya zaɓi ƙarƙashin salansa. Na rungume kwanon maƙluba har yana ƙona mini ciki ban ji ba.

Minti nawa suka yi ban sani ba, ni dai na karanta duk abin da na haddace. Da suka fito, farar rigar Mu'ayyad ta sami baƙin tambari a kafaɗa, fuskar Baba kuwa ba ka iya karanta komai a cikinta.

"Basil," in ji Baba. "Baya hagu, an yanke an yi walda, an shafe da baƙin kwalta. A bayan tankin mai."

"Wane irin yanka?" Abu Rakan ya daka tsalle. "Abu Basil, ka ji tsoron Allah! Likita ce fa!"

"To likitar ta yi mata tiyata. Ga tocila, sauka ka gani."

Ya tattare jallabiyarsa ya sauka, ma'aikata biyu suka bi shi. Ya fito yana rantsuwa shi ma haka aka sayar masa, wataƙila kuma gaskiyarsa ne, Allah masani. Ma'aikatan kuwa sai jinjina suke. "Kai! Wurin da ko hannu ba ya shiga! Idon Abu Basil ba dai a ɓoye masa ba." Baba ya sa hannu a takarda, ya miƙa wa Mu'ayyad ba tare da ya kalle shi ba, ya shige ofis ya turo ƙofa. Abincin ma Basil ne ya cinye, har da cinyar.

A mota na zauna na rufe gilashi na dinga rubutu.

"Me ka ce masa a ramin?"

"Wayata na nema."

"Mu'ayyad, na ga wayarka a aljihu!"

Sai ya rubuto, "Ashe kina kallona."

"Ba wasa nake ba! Ka aiki ubana a gaban yaransa, ka yi masa ƙarya, motar kuma ta fito yankakkiya. Me ya rage? Ka gaya masa kai ne?"

"Ban gaya masa ba. Hiyam, abin da ya faru a ramin ba nawa ba ne da zan faɗa. Ki yi haƙuri. Abayar ta yi miki kyau."

Ni ana maganar rayuwata, shi yana maganar abaya! Na kife wayar, na ci kukana tun daga Zarƙa har Marka. Wani mai Bi'em ya dinga danna mini hon a baya, na sauke gilashi na ce ya tashi sama in yana da fiffike.

Kafin magariba Baba ya dawo. Ya yi wanka, ya sa farar jallabiya, ya fita tsakar gida ya zauna a ƙarƙashin inabinmu, inda yake shan shayi. Ina ɗaki na ji muryarsa.

"Uwata. Kawo shayin da kanki."

Na kai masa. Ya nuna mini kujera. Ya kurɓa sau biyu, yana kallon ganyen inabi.

"Shi ne ko?"

Na sunkuyar da kai. "Wallahi Baba na hana shi. Ya gaya maka?"

"Bai gaya mini ba. Ke kika gaya mini. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa kawo mini maƙluba gareji, sai yau, da takalmi mai tsini."

Na so ƙasa ta tsage. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, sai ya ɗaga hannu.

"Rufe idonki na hagu." Na rufe. "Me kike gani?"

"Komai, Baba."

"To ni in na rufe na dama, ke ɗin nan inuwa ce kawai. Tun azumin bana. Kamar an huro tururi a gilashi." Ya ajiye kofi. "Ban gaya wa uwarki ba, ban gaya wa Basil ba. Na ce hannuna ya san mota, zai ishe ni. Yau kuwa waldar tana inda hannu ba ya kaiwa. Na haska wurin, na wuce. Jayyid zan ce, Uwata. Kalmar tana bakina."

Ban taɓa jin Baba ya ce ya kasa wani abu ba.

"Da muka koma ƙasa, sai ya kama hannuna da tocilar, a hankali, ya ce, 'Baffa, ko nan ta faɗa?' Ya kai hasken bayan tanki ya riƙe. Bai ce kala ba. Ya riƙe har sai da na matsa na juyo da idon dama na gani. Sannan ya ce, 'Ni ban san mota ba Baffa, ƙarfe kawai na ɗan sani. Kai za ka faɗa.' Na ce masa, wayar fa? Ya shafa aljihu ya ce, 'Alhamdu lillahi, na same ta.'"

Dariya ta kuɓuce mini a cikin hawaye. Baba ma sai da gashin bakinsa ya motsa.

"Da ya yi shiru don kunyata, da ya sayi yankakkiyar mota da sa hannuna a kai. Da ya yi magana a sama, da kafin la'asar Abu Rakan ya gama zagaya Zarƙa da labarin Abu Basil ya makance. Sai ya zaɓi a yi masa kallon marar tarbiyya, ni kuma a tafa mini." Ya girgiza kai. "Na yi fushi fa. A ofis na zauna ina jin kamar in fasa tebur. Amma da na duba da kyau, ba da shi nake fushin ba."

"Baba, ina jin yanar ido ce," na ce ina share fuska. "Aiki ne ƙarami, kullum muna ganin waɗanda aka yi wa. Gobe zan nemo maka likita."

"Nemo. Basil kuma zai kira duk wanda na sa wa hannu tun azumi, su dawo da motocinsu a sake dubawa kyauta. Wannan ni zan faɗa musu da bakina." Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya kalle ta, ya matso da ita, ya nisanta ta, sannan ya miƙo mini. "Ungo. Kwana goma sha tara ina cewa sai na bincika yaron. Nemo mini lambar, rubutun ya yi mini ƙanana."

"Lambar wa, Baba?" Na sani sarai, so nake in ji.

"Ke dai Allah Ya shirye ki. Ta malamin makarantar."

Na danna, na miƙa masa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta faɗar takarda.

"Salamu alaikum, Abu Mu'ayyad. Abu Basil ne. Na daɗe ban neme ka ba, a yafe ni. Juma'a mai zuwa bayan la'asar, ku zo da manyanku, gahawarku na jiran ku." Ya saurara, yana gyaɗa kai. "Amin, amin. Sai abu ɗaya. Ka ce wa ɗanka gobe ƙarfe takwas ya same ni a Zarƙa, akwai motar da za mu nemo maka. Eh, kai. Ba za ka zo ƙofata a motar aro ba. Ni zan zo da hannuna, shi ya zo da idonsa."

Bai ƙarasa sallama ba sai guɗa ta tashi daga bayan ƙofar kicin, doguwa, har tantabarun maƙwabta suka watse. Ashe tun ɗazu Mama na laɓe a wurin. Ta fito da gudu ba mayafi, ta rungume ni, ta sake ni, sannan ta juya kan Baba da hannu a ƙugu, hawaye na zuba tana dariya.

"Tun azumi, Abu Basil? Tun azumi kake cewa na yi kyau, ashe ba gani kake ba?"

Baba ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya ƙare mata kallo sama da ƙasa da na daman.

"Da wannan nake faɗa, Ummu Basil," ya ce. "Kuma ba zan canza takardar ba."